Fulorin a Ƙasa: Ka Fara Tambayar Sodiyam

Ka tambaye ni me ya sa ba za ka jefa samfurin ƙasa cikin riyakta, wato injin nukiliya, ka karanta sinadarin fulorin kamar yadda kake karanta manganis ba. Zauna, ɗana, tambayar nan ta taɓa mini tsohon miki.

Idan niyutiron, ɗan ɓangaren ƙwayar zarra da riyakta ke fesowa, ya bugi fulorin-19, yakan koma fulorin-20, mai fitar da hasken gamma a 1633 keV (keV shi ne awon ƙarfin hasken). Amma cikin sakan 11 rabinsa ya mutu. Ka yi jinkirin sakan 33 tsakanin fitowar kwalbar samfur daga riyakta da ɗora ta kan na'urar ƙirga, kashi ɗaya cikin takwas ya rage maka. Don haka haskawa da niyutiron gajera ce, ƙirga gajera, a yi ta maimaitawa ana tarawa. Ga kuma alminiyam da ya cika ƙasa, yana ta ihu a 1779 keV yana danne ɗan siginar da kake nema. Busarwa da awon nauyi ba zan koya maka ba, wanda bai iya su ba bai kai shiga ɗakin nan ba.

Abin da ke kashe aiki shi ne sodiyam. Niyutiron mai gudu idan ya bugi sodiyam-23, shi ma fulorin-20 yake haifarwa, layi ɗaya a 1633 keV, ba ka iya bambanta su da ido.

An taɓa kawo ƙasa daga fadamar kanwa, samfur arba'in, wani yaro mai rawar kai ya karɓi aikin. Ya ga tsini ya tashi a 1633 a zanen kwamfuta, ya rubuta lambobi manya-manya, ya miƙa wa mai aikin ba tare da ya nuna wa kowa ba. Kanwa fa sodiyam ce! Bai haska tsantsar sodiyam kabonet a gefe ba, bai auna sodiyam-24 a 1368 keV don sanin yawan sodiyam ɗin ƙasar ba, balle ya cire kason da ba na fulorin ba. Da aka kai ragowar ƙasar wani wuri aka narka ta aka auna da ilektirod mai gano fulorin, lambobin suka sha bamban. Mai aikin ya ƙi biya, kuma da gaskiyarsa. Lokacin riyakta ya tafi, samfurin ya ƙare, damina ta sauka ta wanke filin, sunan ɗakin gwajin ya zube. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake. Yaran yanzu kwamfuta ta zana musu tsini sai su gaskata, ba mai tambayar daga ina ya fito.

Saboda haka ka haska sodiyam kabonet zalla a rami ɗaya na riyakta, lokaci ɗaya da samfurinka, ka san ƙirga nawa kowane miligiram yake bayarwa, ka cire. A ƙaramin riyakta irin na Zariya, ramin waje ya fi ƙarancin niyutiron mai gudu, shi za ka nema.

Ni dai a ƙasa na fi yarda da PIGE, wato a harba wa samfur firoton, shi ma ɗan ɓangaren ƙwayar zarra, daga na'ura irin ta Ile-Ife, a karanta gamma a 110 da 197 keV. Amma firoton ba ya shiga samfurin sai ɗan zurfin da bai kai kaurin takarda ba, don haka ka niƙa ƙasar lilis a turmin dutsen aget kafin ka matse ta ƙwaya mai faɗin milimita 13. Niƙa mai tsakuwa, sakamako mai ƙarya. Ma'auninka, wato samfurin da ka san adadin fulorinsa, ya yi kama da ƙasar, domin firoton ba ya tsayawa iri ɗaya a kowane abu. Kada ka toya ƙasa da wuta mai zafi, fulorin gudu yake. Kuma kada Teflon, robar nan mai santsi, ya kusanci samfurinka, ko cokali ko murfi: kusan kashi 76 cikin 100 na nauyinsa fulorin ne, ƙasa kuwa yawanci miligiram ɗari kaɗan take da shi a kilo. Ɗan kankare ɗaya ya isa.

Je ka wanke turmin, ka kawo in duba.