Lauya zai iya haɗa fataucin riɗi da zuwa kotu?

Tambaya: Ni lauya ne, na yi shekaru a kwamitin ladabtarwa na harkar ƙwallon ƙafa. Ina so in koma ƙauyenmu a ƙasar Gumel in shiga fataucin riɗi, in kuma buɗe makarantar horar da yara ƙwallo. Zan iya yin wannan ina ci gaba da zuwa kotu?

Amsa: Barista, Allah ya sanya albarka a wannan niyya. Doka ta 7 a ƙa'idojin aikin lauya na Najeriya ta hana wanda yake aikin lauya ya shiga saye da sayar da kaya da kansa, ko ya yi dillanci yana karɓar la'ada. Ke nan idan kai ne za ka tsaya a kasuwar Maigatari kana auna buhuna, kana loda mota zuwa Dawanau, sai ka ajiye rigar kotu. Amma dokar ba ta hana ka mallakar hannun jari ba, ko zama daraktan da ba shi ke gudanar da harkar yau da kullum ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta yarda mutum ɗaya ya yi wa ƙaramin kamfani rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Sai dai kada ka sa sunan ƙaninka a matsayin manaja alhali kai ke yanke farashi ta waya. Wannan yaudarar kai ce. In kuma ma'aikacin gwamnati ne kai na dindindin, kundin tsarin mulki na 1999 noma kaɗai ya bar maka.

Ni a ganina riɗi ba shi ne jarinka ba. Masu shekara talatin a kansa sun fi ka sanin lokacin saye da lokacin ɓoyewa. Abin da kake da shi wanda ba su da shi yana wajen makarantar.

Ƙa'idar FIFA ta ce idan aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Akwai kuma diyyar horarwa ranar da ya fara sa hannu a matsayin ƙwararre. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishin da ke biyan waɗannan kuɗaɗe, kuma rajista yake bi. Abin da ke ci min rai shi ne koci ya yi shekara shida yana sayo wa yaro takalmi daga aljihunsa, yaron ya tafi Turai, ko sisi bai dawo ƙauyen ba, don ba a taɓa yi masa rajista da NFF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, ta hannun hukumar ƙwallo ta jiha ba. Kai ka san yadda ake toshe wannan ɓaraka.

Ka fara sauka daga kwamitin, domin ba a zama alƙali a gasar da yaranka ke bugawa. Kada ka saurari dillalin da zai ce zai fitar da yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa ƙasar waje; FIFA ta hana, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Haka attajirin da zai ce ya sayi kaso a ƙafar yaro, wato a kuɗin da za a sayar da shi nan gaba, tun 2015 aka haramta.

Kafin ka sayi ƙwallo ko guda, ka zauna da iyayen yaran a gaban dagaci, a karɓo wa kowane yaro takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya da shekarunsa na gaskiya, sannan a sa hannu a takardar amincewa.