Ƙaramar jita don kiɗan bulus: wacce za a saya, me za a ɗaura mata don a ji ta a lasifika?

Wani mai karatu daga Kaduna ya rubuto: "Shekara biyu ke nan ina koyo da babbar jita. In na kaɗa bulus da yatsu sai tsirkiyoyin ƙasa su yi ta gurnani su danne sauran. An ce in nemi ƙarama. Anya ba asarar kuɗi zan yi ba?"

Malam, kunnenka bai yaudare ka ba. Babbar jita irin dreadnought an ƙera ta ne don a buga da ƙarfi a cikin taron makaɗa, shi ya sa cikinta ke da zurfi, muryarta ke da kauri. Shi kuwa bulus (blues, kiɗan baƙaƙen fatan Amurka) na yatsu, babban yatsa yana tafiya a kan tsirkiyoyin ƙasa, wato masu kauri, sauran yatsu suna magana a sama, kuma dole a ji kowanne daban. Ƙaramin ciki yana rage gurnanin, yana fito da tsakiyar murya, wannan amo mai ɗan bushewa da ake ji a tsofaffin fayafayan jihohin kudancin ƙasar Amurka.

Mutanen da suka kafa kiɗan nan a jihar Misisifi talakawa ne, jitar da kuɗinsu ya kai suka saya. Charley Patton ya yi amfani da Stella, jita mai araha ta kamfanin Oscar Schmidt. A sanannen hotonsa, Robert Johnson yana riƙe da Gibson L-1, ita ma ƙarama ce. Sirrin Stella yana ciki: sandunan da ke tallafe fuskar jitar an jera su a kwance kamar matakan tsani, ba a gicciye kamar harafin X ba. Mai tsani sautinta kan fito farat ɗaya ya mutu da wuri, abin da bulus ke so ke nan. Aibinta shi ne ba ta jure jan tsirkiya mai kauri. Da shekaru sai fuskar ta kumbura a bayan jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa. In ka samu mai tsani, kada ka wuce tsirkiya mai lambar kauri 12 zuwa 53.

Kafin ka biya, duba abu uku. Na farko tsawon tsirkiya daga kan wuya zuwa jaki. Na babbar jita yakan kai inci 25.4, na ƙananan kuwa yawanci daga 24 zuwa 24.9. Gajeriyar tsirkiya ba ta da tauri sosai, don haka tura ta sama da yatsa don ta yi kuka ya fi sauƙi. Na biyu faɗin wuya a sama: milimita 44 zuwa 45 ya fi wa mai kiɗan yatsu daɗi, 43 yakan matse. Na uku tazarar tsirkiya da ƙarfe na 12 cikin ƙananan ƙarafan da ke jere a kan wuyan jita: wajen milimita 2.5 a tsirkiya mafi kauri, 2 a mafi siriri. In ta haura 3.5, kuma farin ƙashin da ke kan jaki an riga an goge shi har ya kusa shafewa, to wuyan ya karkata, gyaransa ya fi kuɗin jitar. Ka bar ta, ko da an yi maka ragi. Wannan cuta ta fi yawa a kayan gwanjo.

Game da sunaye: Gretsch Jim Dandy mai inci 24 ce, tana cikin mafi araha, kuma ta isa koyo da wasa. Yamaha CSF1M tsawon tsirkiyarta milimita 600 ne, ta zo da maɗaukin sauti a jikinta. Mai hali ya dubi Martin 000-15M, wadda gaba ɗayanta mahogani ne, ɗan'uwan maɗacinmu. Shi wannan katako yana ba da murya mai ɗumi wadda ba ta da tsini.

Tambaya ta biyu daga Zinder take: "Abokina ya ce in ba tsantsar katako ba ce, jita ba jita ba ce. Gaskiya ne?"

A Turai maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. A Damagaram da Kano da Sakkwato sai an ƙara da lissafin hunturu. Masu ƙera jita suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin 100, hunturu kuwa yakan sauko da ita ƙasa da kashi 20. Tsantsar katako mai sirantar milimita 3 in ya bushe sai ya tsuke. Alamar farko, gefen ƙarafan wuya su fara cizon hannu. Sai fuskar ta lotsa, tsirkiya ta fara zuzu a kan ƙarafa, daga nan sai tsaga ta bayyana daga jaki zuwa gindi, wani lokacin cikin dare guda. Katakon da aka manne falle-falle bai kai wancan zaƙin murya ba, amma yana jurewa.

Shawararmu, in jita ɗaya za ka mallaka kuma za ka riƙa yawo da ita, sayi mai katakon falle-falle a baya da gefe. In ka ɗauki mai tsantsar katako, to akwatinta mai tauri ya zama dole. Samu soso, jiƙa shi, matse har ya daina ɗiga, sa shi a robar sabulu da ka huda wa ramuka, ka ajiye a cikin akwatin wajen kan jitar. Duba shi kowane kwana 2 daga Nuwamba zuwa Maris. Da damina ta kama ka cire, don kada akwatin ya yi fumfuna. Kada ka bar ta a but ɗin mota da rana: zafi yana sassauta gam, jaki ya ɗago.

Ta uku, daga wata 'yar'uwa a Jos: "Ina so in riƙa jona jitata da lasifika. An nuna mini iri uku, kowa yana yabon nasa."

Don bulus, 'yar'uwa, cikin maɗaukan sautin nan uku mun fi karkata ga na maganaɗisu, wanda ake maƙalawa a bakin ramin jita. Ba katako yake saurare ba, motsin ƙarfen tsirkiya yake ɗauka, shi ya sa muryarsa ke da kauri kuma ba ya saurin yin ƙugi in an ƙure ƙara. Da irinsa na kamfanin DeArmond Elmore James ya yi suna, a kan jitar katako. Yau akwai L.R. Baggs M1, da Fishman Rare Earth, da Seymour Duncan Woody mai sauƙin kuɗi. Amma ki auna ramin kafin ki saya, don nan masu ƙananan jita ke faɗawa: yawancinsu suna buƙatar faɗin wajen milimita 90 ko fiye, wasu ƙananan jitocin kuwa raminsu bai kai ba. Ba ya aiki da tsirkiyar roba ko kaɗan. Sannan tagullar da ake naɗe tsirkiyoyin ƙasa da ita maganaɗisu ba ya jin ta, sai ƙarfen ciki kawai, don haka tsirkiya ta biyu takan fi sauran ƙara. Maganinsa ki sauke ɗan sukurun da ke ƙarƙashinta in naki yana da su, ko ki koma tsirkiyar nikel. Ki nemi maɗauki mai naɗin waya biyu a cikinsa, domin mai naɗi ɗaya yana jawo zuzun wuta, musamman in da janareto ake aiki kuma ba a binne wayar ƙasa ba.

Na biyu shi ne siririn fiyezo, wani ɗan zare mai ɗaukar girgiza, da ake shimfiɗawa ƙarƙashin ƙashin jaki. Shi ya fi yawa a jitocin da ke zuwa da nasu. Yana da tsini, in an buga da ƙarfi sai ya yi kwak-kwak kamar agwagwa, kuma in gindin ƙashin bai kwanta daidai ba wata tsirkiyar takan ɓace.

Na uku, irin K&K Pure Mini, ƙananan fayafai 3 ne da ake mannawa da sufa gulu a cikin jita, daidai ƙarƙashin jaki. Shi ya fi kama da ainihin muryar katako, ba ya cin batir, amma yana saurin ƙugi kusa da babbar lasifika. Sa shi yana buƙatar a faɗaɗa ramin gindi zuwa milimita 12. Ba aikin da za a miƙa wa kafinta ya yi da babban dirili ba ne, don katakon gefen yakan balle. Shi da fiyezo, in ba su da batir, kada a jona su kai tsaye da miksa, sai murya ta fito siririya ba nama. A ratsa ta firi'am, wato ƙaramin akwatin ƙarfafa sauti, wanda aka rubuta mashigarsa ta kai megom 1.

Wani kuma ya tambaya a taƙaice ko zai iya kiɗan kwalba, wato sa wuyan kwalba a yatsa ana zamewa da shi a kan tsirkiyoyi, da wannan jitar. Zai iya. Sauke tsirkiyoyi zuwa D G D G B D ko D A D F# A D, dukansu sassautawa ne, ba sa wahalar da ƙaramar jita. Ka guji ɗaure su sama zuwa buɗaɗɗen E ko A. Sauke su, ka sa kafo, wato maƙalin da ke danne tsirkiyoyi a kan wuya, a ƙarfe na 2, sautin ɗaya ne. Tazara ta kai wajen milimita 3 don kada kwalbar ta riƙa dukan ƙarafa, kuma ka ɗora ta daidai saman ƙarfen, ba a bayansa ba yadda ake yi da yatsa.