Kafin Ku Biya Kuɗin Manhajar Sa Ido

Tambaya: Malam, manhajarmu tana gudana a kan sabobi (kwamfutocin da ke amsa buƙatun masu amfani) daban-daban, kuma idan ta yi jinkiri ba ma gane inda buƙata take maƙalewa. Shugabanmu yana son mu sayi manhajar sa ido ta kuɗi. Me kake gani?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ku yi gaggawar biya. Ku fara da OpenTelemetry, kayan aikin tattara sawun buƙatu daga cikin manhaja, wanda aka samar a 2019 bayan haɗe magabatansa biyu, OpenTracing da OpenCensus, ku riƙa tura bayanan zuwa Jaeger ko Zipkin, manhajojin da ke adana sawun su kuma nuna shi. Dukansu kyauta ne, kuma za su zana muku tafiyar kowace buƙata, sashe bayan sashe, tare da lokacin da kowanne ya cinye.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ruɗuwa da allo mai ƙyalli, a sa hannu a yarjejeniya ba tare da an tambayi yadda ake lissafin kuɗin ba. Galibin masu sayarwa suna caji ne bisa yawan sabobi da yawan bayanan da kuka tura, don haka wanda ya ce sai ya adana sawun kowace buƙata, maimakon ya ɗauki samfuri, zai ga kuɗin yana hauhawa kamar farashin hatsi a ƙarshen rani. Haka kuma, idan kuka cusa rubutun manhajar kamfani guda a cikin taku, ranar da kuka so rabuwa da shi sai kun sake aikin. Sannan tsada ba ta gyara agogo: kowace saba da nata lokacin, shi ya sa zane kan nuna amsar buƙata ta riga buƙatar kanta. Tun 1978 masanin kwamfuta Leslie Lamport ya bayyana wannan matsalar.

Tambaya: A cikin manhajojin sa ido, wacce ce ta fi kyawun launuka?

Amsa: Wannan ba tambayar mai neman gyara ba ce. Launi ba ya nuna inda matsala take.

Tambaya: Ni ɗaliba ce. Manhajata tana ba da sakamako mabambanta, amma da zarar na sa ta buga saƙon bincike sai kuskuren ya ɓace. Na rasa yadda zan yi.

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, ƙwararru ma suna shan wannan wahalar. Alama ce ta zaren aiki biyu, wato sassan manhaja da ke gudana a lokaci guda, suna rige-rigen taɓa bayani guda, buga saƙon kuwa yana sauya saurinsu. Ba sai kin sayi komai ba: ki gwada ThreadSanitizer, kayan aikin da ke kama irin wannan rige-rige, idan da harshen C ko C++ kike rubutu, harshen Go kuma yana da nasa. Sai dai suna rage gudu sosai, kuma rige-rigen da ya auku yayin gwajin kaɗai suke kamawa, saboda haka ki maimaita gwajin sau da yawa.