Me ya sa sai bayan magariba muke gwada tsohon rediyo

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka miƙa wa dattijon nan na Ƙofar Marusa rediyonsa, alhali ka kunna shi da hantsi ya yi magana tangaram, na ce a bari sai rana ta faɗi mu sake gwadawa. Tambayar tana kan hanya, ɗana, don a nan yawancin masu koyon sana'ar nan a yanzu suke tuntuɓe.

Abin da ka gwada FM ne. Tashar FM tana nan cikin gari kusa da kai, ko rediyon da ya kusa mutuwa zai kama ta. Shi kuwa dattijon ba don FM ya riƙe akwatin nan shekara da shekaru ba. Dubi inda fenti ya goge a jikin makunnin zango, wajen MW da SW ne, wato matsakaicin zango da gajeren zango. Mutum ne da ya tashi da sauraron Kaduna da Landan cikin dare, kuma wannan ɓangaren ba a sanin lafiyarsa da rana.

Can sama, nesa da inda gajimare yake kaiwa, akwai wani sashen iska da hasken rana yake cajawa, hawa-hawa. Da rana hawan ƙasa yana shanye siginar matsakaicin zango kamar yadda rairayi yake shanye ruwa, sai wadda ta biyo doron ƙasa kaɗai take iso maka, ita ma ba ta nisa. Da rana ta faɗi sai wannan hawan ya watse, siginar ta haura ta bugi na sama ta dawo ƙasa, ɗaruruwan kilomita daga inda ta taso. Shi ya sa allurar da ka zagaya da azahar ka ji wayam, bayan isha'i za ka tarar da ita cike da tashoshi, har da na Larabawa. A gajeren zango ma akwai rabo: mita 16 da 19 sun fi kyau da rana, mita 49 da 60 sai dare. Rediyon Kaduna da muka sani a da, a lamba 6090 muke kama shi a mita 49, da lamba 594 a matsakaicin zango.

Idan ka ji murya tana tashi tana sauka, kamar mai magana yana matsowa yana ja da baya, rediyon ƙalau yake. Siginar ce take isowa ta hanyoyi biyu, wani lokaci su haɗu, wani lokaci su kashe juna. Kada na kama ka da sukudireba kana murɗa ƙananan gwangwanayen nan masu kai ja da rawaya da baƙi. An saita su tun daga kamfani, kuma wanda ya murɗa su da ka, ba tare da na'urar saiti ba, ya kurmantar da rediyon mutane.

Ku da kuka buɗi ido da waya a hannu ba za ku gane abin da akwatin nan yake nufi ga irin su dattijon ba sai an ba ku labari. Maigidana da ya koya mini aiki ya riski zamanin rediyo mai waya, wanda aka fara a Legas a 1935, ya iso Kano a 1944. A gaskiya lasifika ce kawai cikin akwatin katako, an jawo mata waya daga tasha, ana biyan kuɗi wata-wata. Ba allura, ba zaɓi, abin da aka sako shi za ka ji. A wasu wurare kan sanda ake kafa lasifikar, jama'a su taru a ƙarƙashi da yamma. Masu hali ne suke da rediyo mai kwalabe a ciki, wanda sai ya yi ɗumi kafin ya yi magana. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962 zamanin Sardauna, Jamus ta biyo baya a 1963. A daidai wannan tsakanin ne rediyo mai tiransisto ya yawaita, mai cin batirin tocila, sai ga shi a ƙauyukan da ba su taɓa ganin lantarki ba, har a kafaɗar makiyayi.

Kuma dare ne lokacinsa. Da rana kowa yana gona ko kasuwa, batir kuma da tsada, ba a ɓarnarsa. Sai an sallame isha'i an ci tuwo, a shimfiɗa tabarma a zaure ko ƙofar gida, mai rediyo ya fito da shi cikin rigarsa ta fata ko ta ƙyalle, maƙwabta su zagaye. Ana taɗi, amma da an ce ga labaru kowa zai yi tsit, yaro ya yi motsi a harare shi. Bayan labaru sai nishaɗi. A Zaɓi Sonka mutum zai aika takarda yana gaida iyaye da abokai, wani lokaci jerin sunayen ya fi waƙar tsawo, amma ba mai ƙosawa, kowa yana kasa kunne ko zai ji sunan garinsu. In aka sako Shata, mu nan ƙasar Katsina har wani ƙarin zama ake gyarawa, ɗan Musawa ne, namu ne. Daga baya wasannin kwaikwayo irin su Samanja suka zo, washegari a kasuwa ka ji ana maimaita maganganun ana dariya. A cikin gida ma mata suna jawo nasu tsakar gida, yara su bar tatsuniya su matso. Ni a ganina ba a sake yin abin da ya tara unguwa wuri ɗaya kamar wannan ba, kuma ina jin zafin yadda ake zubar da waɗannan akwatuna a bola saboda kafasita ɗaya ta bushe.

To wannan sauraron shi ne ma'aunin aikinka. Rediyon da aka saba ji a zaure dole muryarsa ta kai bakin ƙofa ba tare da karkarwa ba. Ɗaga murya sosai ka saurari kalangu: in lasifika tana zizara, takardarta ta yage ko ƙura ta shiga tsakiya. In makunnin murya yana ƙarar-ƙarar, wanke shi. Duba mazaunin batir da kyau, don mutanen da suna shanya batir a rana su mayar, ya yi ta yoyo yana cin ƙarfen. Makunnin zango ma datti yake tarawa, shi ne yake sa SW ta mutu FM tana aiki.

Anjima in mun dawo daga masallaci, ka fara cire cajar waya, ka kashe ƙwan LED da inbata, don hayaniyarsu tana rufe matsakaicin zango gaba ɗaya. Sa sabon batir. A MW juya rediyon kansa a hankali, eriyarsa baƙar sanda ce a kwance a ciki, tana da gefen da take ji. A SW zaro eriyar waje duka, ka murɗa allura kaɗan-kaɗan, don tasha biyu suna iya zama a faɗin tsinke. Ka lura ko inda allura ta tsaya ya dace da lambar da aka rubuta, in bai dace ba zaren da yake jan allurar ne ya saki.

Idan ya zo karɓa gobe, ka gaishe shi da ladabi, ka zaunar da shi, ka gaya masa gaskiya cewa gidajen rediyo da yawa sun rage watsa shiri a gajeren zango, wasu sun daina, don kada ya nemi tashar da ya sani ya rasa ya ɗauka aikinmu ne bai yi ba. Tashoshin da muka kama daren nan ka rubuta masa lambobinsu da lokacinsu a takarda da manyan baƙaƙe, ka manna a bayan akwatin.