Amsa: Damben Fury da Usyk ya kai yadda ake zuzuta shi?

Malam ka tambaya ko wannan damben na Tyson Fury da Oleksandr Usyk ya cancanci duk surutun da ake yi, ni dai wallahi ina ganin ya cancanta. Kafin damben na 2024, rabon da a samu mutum ɗaya ya haɗa duka kambunan ajin masu nauyi tun 1999 fa, lokacin da Lennox Lewis ya doke Holyfield, kuma a lokacin su biyun nan babu wanda aka taɓa dokewa tunda suka zama ƙwararru.

Na san abin da ya sa kake shakka, wasan Fury da Francis Ngannou, sabon shiga damben boksin, ne a Riyadh a 2023. Ni ma a gidan kallo na gani, da Ngannou ya kai shi ƙasa a turmi na 3 wuri ya yi tsit, har mai shayin ƙofa ya leƙo. Amma fa Fury yakan tashi, ka tuna yadda ya tashi a turmi na 12 bayan Deontay Wilder ya kai shi ƙasa a 2018.

Usyk kuma kar ka raina shi don bai kai Fury tsawo ba, bahago ne ga ƙafa kamar walƙiya, sau biyu ya doke tsohon zakara Anthony Joshua. Ranar damben, 18 ga Mayun 2024, dai na ce ba zan yi barci ba sai na ga ƙarshensa.