Amsa kan sunan Lefebvre: ma'anarsa, furucinsa da yadda ake rubuta shi

Malam, ka ce wanda zai duba aikinka a jami'ar Faransa sunansa Lefebvre, kana son sanin yadda ake faɗinsa, da kuma ko ɗaya yake da Lefèvre.

Ma'anarsa maƙeri. "Le" harafin nuni ne, kamar -n ɗin da ke ƙarshen "maƙerin", shi kuwa "fèvre" tsohuwar kalmar Faransanci ce da ta fito daga Latin, faber, wato mai sana'ar hannu, musamman mai aikin ƙarfe. Yau Bafaranshe forgeron yake ce wa maƙeri. Fèvre ta mutu a baki, sai dai ta laɓe a cikin orfèvre, maƙerin zinariya. Laƙabi ne na sana'a da ya zama sunan gida, kuma da yake kowane ƙauye da maƙerinsa, masu sunan ba lallai su haɗa kaka ba.

Gaɓa biyu ce kawai: le da fevr. Wannan b ɗin ba a furta ta ko kaɗan. Marubutan da ne suka cusa ta don a ga Latin ɗin a takarda, ba su lura cewa b ta faber ita ce ta riga ta rikiɗe ta zama v ba. Wato harafi ɗaya aka rubuta sau biyu.

Inda Bahaushe ke tuntuɓe wuri uku ne. F ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin ta, har takan zame ta koma h ko p. Ta Faransawa kuwa sai ka ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. V ma a nan take, amma da murya, kuma ka kiyaye kada ta koma b. Sai r ta ƙarshe, daga maƙogwaro take fitowa, kusa da gainun ta Larabci, a taƙaice. Kada ka sa mata wasali, nan ne "Lefebur" da "Lefebre" ke fitowa. In r ɗin ta gagare ka, tsaya a kan v, ka ce lefev. Su kansu haka suke yi idan suna sauri. Wasalin "le" gajere ne, tsakanin e da o, nauyin yana kan gaɓa ta biyu.

A kunne Lefebvre da Lefèvre ɗaya ne. A takarda kuwa sunaye biyu ne daban, tun da wata dokar Faransa ta 1794 ta hana ɗan ƙasa amfani da wani suna in ba wanda ke takardar haihuwarsa ba. Don haka kwafi sunan malaminka harafi da harafi daga wasiƙarsa. Akwai ma Lefébure, wanda ya samo asali daga lokacin da u da v suke harafi ɗaya a rubutu. Aka karanta v a matsayin u, kuskuren ya zauna, har yanzu masu shi lefebür suke cewa.

Lefebvre ya fi yawa a arewacin Faransa: Nord, Pas-de-Calais, Picardie da Normandie, daga can ya haye zuwa Kebek ta Kanada. A kudu tushen ɗaya ya ba da Fabre da Faure, a yankin Savoie na gabashin Faransa da Suwizalan kuma Favre. Félix Faure, shugaban Faransa daga 1895 zuwa 1899, shi ma jikan maƙeri ne a suna. Masu karatun tarihi za su ci karo da François Joseph Lefebvre, babban hafsan Napoleon da aka naɗa sarautar birnin Danzig a 1807, da Marcel Lefebvre, ɗan garin Tourcoing na arewacin Faransa, babban bishop na Dakar daga 1955 zuwa 1962.

A wasiƙa ka rubuta Monsieur Lefebvre ko Madame Lefebvre, L babba, f ƙarama, a haɗe. Iyali duka les Lefebvre ne, ba a ƙara s. A jerin sunaye ƙarƙashin L za ka neme shi, ba F ba. Idan kuma kana bincike a rumbun ɗakin karatu, gwada Lefèvre da alamar kan e da kuma babu ita, domin wasu na'urori kan zubar da ita, su bar LEFEVRE zalla.