Amsa ga ɗana mai shirin zuwa Bankok, kan abincin bakin titi

Ɗana, saƙonka ya iso. Na ji kuma abin da mahaifiyarka ta ce a tambaye ni, wai shin da gaske ne mu Hausawan da muka zauna a Bankok muna tsayawa a gefen titi mu ci abin da mutanen da ba Musulmi ba suka dafa, ko kuwa da garin kwaki da biskit muke rayuwa. Ka gaishe mini da Yaya, ka ce mata tambayarta a kan hanya take, don ni ma da ita na kwana a makonnina na farko a garin nan. Amsar ita ce muna ci, kusan kullum ma. Sai dai akwai yadda muke yi, kuma shi nake so ka fahimta tun kafin ka baro Kantin Kwari ka hau jirgi. Sunayen unguwanni zan rubuta maka su yadda za ka gan su a allunan titi, don kada ka ɓata wajen nema.

Mutanen Tailan ba su ɗauki cin abinci a waje abin kunya ba. Ɗakunan haya da yawa a Bankok ba su da madafa ko kaɗan, don haka ma'aikacin banki da direban babur kan kujerar roba ɗaya suke zama, gaban kurar abincin mace ɗaya, su ci su tashi. Abincin a gabanka ake dafa shi, cikin kasko mai zurfi kan wuta mai ƙarfi, kuma kwano ɗaya bai cika wuce bat 50 zuwa 70 na kuɗin ƙasar ba a unguwannin talakawa. Wanda ya ce zai ƙaurace wa titi a garin nan, ya zaɓar wa kansa tsada da kaɗaici.

Matsalarmu ɗaya ce, kuma babba ce: alade. Kada ka ɗauka sai ka ga tsokarsa za ka san yana ciki. Romon da ake zuba wa taliya galibi da ƙashinsa ake dafa shi. Wasu da kitsensa suke suya. Akwai wata taliya da suke kira taliyar kwale-kwale, wadda ake kaɗa jini a cikin romonta don ya yi kauri. Abin da ya fi ruɗar ɗan Arewa kuwa shi ne wani nama da ake gasawa a tsinke kan gawayi da sassafe, ana sayar da shi da shinkafa mai danƙo. Da ka hango shi, ka ji ƙamshinsa, za ka rantse tsire ne. Sunansa mu ping, kuma naman alade ne zalla. Wani yaro da ya sauka a wurina shekarun baya ya fita shi kaɗai da safe, har ya miƙa kuɗi, sai mai gashin ta dubi hularsa ta janye hannunta tana kaɗa kai tana cewa "mu, mu". Ita ce ta tsare shi, ba iliminsa ba. Har yau idan na bi ta gabanta nakan tsaya mu gaisa, kuma saboda irinta ne ba na yarda a zagi mutanen ƙasar nan a gabana.

To ga al'adarmu. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, saboda haka wanda ya sauke ka shi ke da alhakin cikinka na kwana biyu ko uku na farko. Ba ma barin sabon zuwa ya sayi abinci shi kaɗai. Tare ake fita, a nuna masa wannan kura tamu ce, waccan a wuce ta. A cikin kwanakin nan ne ake koya masa 'yan kalmomin da za su riƙe shi: mu alade, kai kaza, nuea naman sa, pla kifi, kung jatan lande. Ana koya masa ya ce "mai sai mu", wato kada a sa alade, amma muna gaya masa gaskiya cewa wannan kalma ba ta wanke kasko. Idan mai abincin na dafa alade a kaskon nan, ko ka hana ta sa maka nama, mai da romo da ludayi duk ɗaya ne. Shi ya sa tambayar da muka fi dogara da ita ita ce "ahan Islam?", don haka su kansu suke kiran abincin halal, abincin Musulunci. Sannan ka duba alama. Akwai tambarin halal mai siffar lu'ulu'u da Majalisar Musulunci ta ƙasar ke bayarwa, wanda za ka gani a kayan kanti, amma a titi abin da za ka fi gani shi ne jinjirin wata da tauraro a koren allo, ko mace mai hijabi a bayan tukunya. Ka yi mata sallama, za ta amsa maka.

Abin da 'yan yawon buɗe ido ba su sani ba, mu kuma muka gina zamanmu a kansa, shi ne cewa masallatai ne taswirar abincinmu. Musulmi a Tailan ba su da yawa, wajen biyar ne cikin ɗari, amma a Bankok sun daɗe, kuma duk inda masallaci yake, layin da ke gabansa kasuwar abinci ce. Idan yunwa ta kama ɗayanmu a unguwar da bai sani ba, ba ya neman gidan abinci a waya, masallaci mafi kusa yake nema.

Kai da za ka zo sarin tufafi, Pratunam ce za ta zama gidanka, ƙarƙashin dogon ginin Baiyoke da ake hangowa daga ko'ina. Daga nan idan ka bi titin Phetchaburi zuwa yamma za ka kai layi na 7, inda masallacin Darul Aman yake. Nan nake fara kai kowane baƙo nawa. Abin da nake sa a zuba masa shi ne khao mok kai, shinkafa dafa-duka mai launin gangamau da cinyar kaza a binne a ciki, da soyayyiyar albasa a sama. Sai a haɗa masa da farfesun bindin sa, wanda suke matsa wa lemon tsami da ɗanyen barkono har sai gumi ya keto. Ban taɓa ganin Bahaushen da ya ci waɗannan biyun ya ce bai ƙoshi ba. Daga nan hankalinsa yake kwanciya, ya yarda ba zai mutu da yunwa a ƙasar mutane ba.

Ba nisa da wurin akwai Ban Khrua, a bakin ƙoramar Saen Saep. Mazauna unguwar Musulmi ne 'yan ƙabilar Cham, waɗanda kakanninsu suka samu filin tun zamanin Sarki Rama na ɗaya, bayan sun yi yaƙi a ɓangarensa. Masaƙan siliki ne, kuma su ne suka riƙa saƙa wa wani Ba'amurke mai cinikin siliki, Jim Thompson, wanda gidansa ke tsallaken ruwan, yanzu ya zama wurin ziyara. Ina son unguwar nan ƙwarai. Lungunanta matsattsu ne kamar na cikin birni, gidajen katako suna jingine da juna, tsofaffi na zaune a ƙofa, kuma da ka yi sallama an daina kallonka a matsayin baƙon ido. A ƙoramar nan kuma za ka hau jirgin ruwa mai inji daga Pratunam ya kai ka Ramkhamhaeng ba tare da ka shiga cunkoson mota ba. Can akwai babbar jami'a da ɗalibai Musulmi da yawa daga kudancin ƙasar, 'yan yankin Pattani da Yala da Narathiwat, kuma sun zo da girkinsu. Da yamma layukan sukan cika da soyayyiyar kaza irin ta garin Hat Yai, da gasasshiyar kaza mai jan miyar kwakwa, da roti, wata siririyar gurasa da ake soyawa a faranti a zuba masa ayaba da madara. A watan azumi can muke zuwa sayen kayan buɗa-baki, mu koma masallaci mu sha ruwa tare da su. Su galibi Shafi'iyya ne, mu Malikiyya, amma sahu ɗaya muke yi kuma tire ɗaya muke sa hannu.

Ranar Juma'a wasunmu, musamman masu harkar duwatsu masu daraja a wajen Silom, sukan yi salla a masallacin Haroon da ke Bang Rak, cikin wani lungu da ya ɓalle daga titin Charoen Krung kusa da kogin Chao Phraya. Tsohon masallaci ne tun ƙarni na 19. Ana idar da salla sai ka tarar matan unguwa sun baje abinci a lungun. A nan ne ake haɗuwa da 'yan uwa daga Mali da Gini da Nijar, a ji labarin gida, a ji wanda ya sauka da wanda kayansa suka maƙale. Akwai kuma Nana, layi na 3 a titin Sukhumvit da lungun Larabawa da ke gefensa, inda ake samun shawarma da gurasa da shinkafar Larabawa har tsakar dare. Halal ɗinsa ba shakka, amma ya fi tsada, kuma da dare unguwar tana da wata fuska da ba zan so ka saba da ita ba. Ka ci ka tafi, kuma fasfonka ya kasance a jikinka.

Na san abin da ka gani a waya shi ne Yaowarat, unguwar 'yan Sin, mai fitilu ja da rawaya da mutane kamar ranar hawan salla. Zan kai ka, don gani ya kori ji. 'Yan Sin sun zauna a yankin tun 1782, lokacin da aka kafa Bankok, kuma da magariba titin yakan koma ɗakin girki mai tsawon fiye da kilomita ɗaya. Amma ka sani yawancin abin da ke tukunyar can ba namu ba ne. Mu idan mun je, cikinmu a cike muke zuwa. Abin da muke taɓawa shi ne 'ya'yan itace, ruwan rumman da ake matsewa a gabanka, da mangwaro da shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa, wanda idan ka zo tsakanin Maris da Mayu za ka same shi a kan ganiyarsa. Kan gasasshen kifi da jatan lande da ƙaguwa kuwa, a nan ne muke rabuwa. A mazhabarmu abin ruwa duk halal ne, don haka wasunmu sukan ci idan sun ga wayar gashin ta kifi ce kaɗai. Wasu kuma sukan ce ba su san abin da aka gasa a kanta jiya ba. Ni ina cikin masu bari, amma ban taɓa ganin laifin mai ci ba, kuma ba ma barin wannan ya zama abin gardama a tsakaninmu. Kada kuma ka shirya yawon abinci ranar Litinin, don ita ce ranar sharar titi, masu kura da yawa ba sa fitowa.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne yawan abubuwan gida da za ka tarar da wani suna. Jan abin shan da suke kira nam krajiap zoɓo ne, ba wani abu ba. Tsamiya ce ke ba taliyar pad thai tsaminta. Fara suna soya ta su barbaɗa gishiri da yaji, kamar a Maiduguri. Tarwaɗa suna gasa ta a tsinke. Za ka ji luguden turmi a gefen titi ka waiga, sai ka ga mace tana kirɓa ɗanyar gwanda da barkono da lemon tsami da gyaɗa, shi ne som tam, abincin mutanen Isan na arewa maso gabas, waɗanda su ma da hannu suke cin shinkafarsu, suna dunƙula ta kamar loma. Yajinsa ba na wasa ba ne. Kada ka ce kai ɗan gidan yaji ne, ka fara da cewa "phet nit noi", yaji kaɗan, daga baya ka ƙara. Wani abin kuma, shinkafar Tailan da kuka sani a buhu a gida, turararriyar nan mai tsayawa ɗaiɗai, su ba ita suke ci ba, don kasuwar waje suke yin ta. Tasu fara ce mai laushi da ƙamshi, hom mali.

Abu biyu ne za su yi maka wuyar sabo. Na farko sukari, don suna zuba shi har a taliya da miya, kuma a kowane tebur za ka ga gwangwaninsa kusa da na barkono. Na biyu warin nam pla, ruwan kifin da aka tsuma da gishiri na watanni, wanda shi ne gishirinsu kuma shi ne maginsu. Ranar farko za ka toshe hanci. Ina gaya wa kowane baƙo ya tuna yadda wanda bai san daddawa ba yake yi idan ya shiga madafarmu, alhali ba ita ba miya. Cikin wata guda za ka ga kana neman kwalbar da kanka.

Kada ka ɗauka mun manta tuwo. Ranar hutu mukan haɗu a gidan wanda yake da madafa, a tuƙa na shinkafa, a kaɗa kuka idan wani ya zo da ita, kuɓewa kuwa ana samunta ɗanya a kasuwa. Saboda haka ka ce wa Yaya ta ɗaure mini garin kuka da daddawa da yajin gida, a ƙulle su da kyau cikin leda biyu. Kilishi kuwa kada ka ɗauko ko da kaɗan, dokar ƙasar ta hana shigo da nama ba tare da izini ba, kuma ba na so zuwanka na farko ya fara da tsayuwa gaban jami'an filin jirgi. Ka aiko mini da rana da lokacin saukarka a filin jirgin Suvarnabhumi, zan zo da kaina in ɗauke ka, mu ajiye kaya mu wuce layi na 7 kafin la'asar.